Komawa Tsarin Firaminista: A Hannun Wa Wuƙar Za Ta Koma?

A ranar 14 ga Fabrairun 2024 wasu 'yan Majalisar Wakilai su 60, daga jam'iyyu daban-daban, suka gabatar da ƙudirin da ke neman Najeriya ta bar tsarin shugaba mai cikakken iko ta koma tsarin firaminista, suna fatan a fara aiki da shi a 2031. Kingsley Chinda, shugaban marasa rinjaye a lokacin, yana cikin jagororin tafiyar, Abdussamad Dasuki na Sakkwato kuma shi ya yi wa 'yan jarida bayani a madadinsu. Hujjarsu ita ce tsarin da muke kai yana cin kuɗi fiye da ƙima, kuma ya tara iko a hannun mutum ɗaya. Maganar ba ta mutu ba. A nan Jos, a majalisun hira daga Titin Bauchi zuwa Gangare, da zarar an taɓo tsadar rayuwa sai ka ji dattijo ya ce ai zamanin Sardauna da Tafawa Ɓalewa ba haka ake yi ba, a koma can kowa ya huta. Matasa su gyaɗa kai, don ba su ga wancan zamanin ba, wanda suke gani kuma ya ishe su.

Abin da ya raba tsarin biyu tambaya ce guda: wa ke iya sauke mai mulki, kuma yaushe? A tsarin firaminista, irin na Ingila da Indiya, talaka ba ya zaɓen shugaban gwamnati kai tsaye. Ɗan majalisar mazaɓarsa kaɗai yake zaɓa. Jam'iyyar da ta samu rinjaye, ko wasu jam'iyyu da suka haɗa kujerunsu suka kai rinjaye, su ke fitar da firaminista daga cikinsu, ministocinsa ma 'yan majalisa ne. Gwamnati na nan muddin rinjayen yana tare da ita. Ranar da aka kaɗa mata ƙuri'ar yanke ƙauna, ko 'yan jam'iyyar firaminista suka juya masa baya, ya tafi ke nan, ba sai an kama shi da laifi ba. A 2022 Birtaniya ta yi firaminista uku ba tare da babban zaɓe ba, Liz Truss ko wata biyu ba ta cika a kujerar ba.

Tsarin shugaba mai cikakken iko kuwa daga Amurka muka aro shi, inda aka rubuta shi a 1787. Waɗanda suka tsara shi ba su yarda da ɗan Adam ba idan mulki ya shiga hannunsa, kuma sun ɗauki tunanin Bafaranshe Montesquieu cewa mai yin doka daban, mai zartar da ita daban, mai shari'a daban. Saboda haka aka yi zaɓe biyu. Jama'a su zaɓi shugaba, su kuma zaɓi majalisa, kowa da takardar shaidarsa da wa'adinsa, ba wanda ke cin albarkacin wani. Ɗan majalisar da aka ba minista sai ya bar kujerarsa. Hanyar sauke shugaba kafin wa'adi ita ce tsigewa, kuma sashe na 143 na kundin tsarin mulkinmu ya sa ta da wuya da gangan: kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisar tarayya su sa hannu kan zargi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa su amince a bincika, Alƙalin Alƙalai ya kafa kwamitin mutum bakwai, sannan a sake neman kashi biyu cikin uku. Ba a taɓa tsige shugaban ƙasa a Najeriya ba. Tsarin firaminista ya fi tsoron mugun shugaban da za a rasa yadda za a yi da shi. Na shugaba mai cikakken iko ya fi tsoron gwamnatin da za ta riƙa faɗuwa kullum, da majalisar da ba mai taka mata burki.

Masu son a koma suna da gaskiya a wurare da dama, kuma ba na ganin adalci ne a share su. A zaɓen 2023 Bola Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8.79, wato bai kai kashi 37 cikin ɗari ba. Atiku Abubakar ya samu kusan miliyan 7, Peter Obi miliyan 6.1, Rabi'u Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi. Wanda ya zo na ɗaya ya kwashe komai, sauran da suka haɗa fiye da kashi 60 ba su da ko kujerar tsakar gida a gwamnati sai abin da aka ga dama aka yi musu tayi. Idan takara ta zama ta a ci duka ko a rasa duka, kada a yi mamaki in ta koma ta ko a mutu ko a yi rai. Ga kuma abin da ya faru da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. An fita da shi Saudiyya a Nuwamban 2009, ƙasa ta zauna ba direba har 9 ga Fabrairun 2010 da majalisa ta fake da larura ta ba Goodluck Jonathan riƙon ƙwarya. A tsarin firaminista jam'iyya ce za ta zauna cikin mako guda ta fitar da wani. Sannan kuɗin takara: Dokar Zaɓe ta 2022 ta yarda ɗan takarar shugaban ƙasa ya kashe har naira biliyan 5, kuma a shekarar APC ta sayar da fom ɗinta miliyan 100, PDP miliyan 40. Firaminista a ƙa'ida mazaɓa ɗaya kawai yake buƙatar ci.

Sai dai mun taɓa zama a gidan da ake cewa mu koma, kuma ba haka kawai muka fito ba. A zaɓen Disambar 1959 majalisar tarayya kujera 312 ce, 174 daga ciki na Arewa. Lissafin a fili yake: jam'iyyar da ta share Arewa za ta iya kafa gwamnatin Najeriya ba tare da ta nemi ƙuri'a ko ɗaya a Kudu ba. NPC ta Sardauna ba ta kai ga haka ba, sai ta yi haɗaka da NCNC ta Azikiwe, AG ta Awolowo ta zama 'yar hamayya, amma kowace jam'iyya ta san gidanta, kuma ba abin da ke tilasta mata fita daga cikinsa. Mu 'yan Arewa muna tuna lokacin da daɗi, saboda ayyukan da gwamnatin Kaduna ta yi da kuma irin rayuwar da shugabannin suka yi. Mutumin Ibadan da na Inugu ba haka suke tuna lissafin ba. Ko a cikin Arewar, ɗan NEPU da ɗan UMBC, jam'iyyun hamayya na Arewa, da suka sha ɗauri a kotunan En'e suna da nasu labarin.

Abin da mutanen garin nan da yawa ba su sani ba shi ne ɓarakar da ta kai Jamhuriya ta Farko ƙasa a Jos ta fito fili. A Fabrairun 1962 AG ta yi babban taronta a nan, rikicin Awolowo da Firimiyan Yamma Ladoke Akintola ya fashe, Akintola da mutanensa suka fice. A watan Mayu 'yan majalisar Yamma 66 cikin 124 suka sa hannu a takarda cewa ba sa tare da shi, Gwamna Adesoji Aderemi, Oonin Ife, ya sauke shi ya naɗa Alhaji Adegbenro. Akintola ya ce bai sauku ba, tunda ba a kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa ba. Da aka zauna a Ibadan don a kaɗa, aka kaure da jifa da kujeru, aka karya sandar majalisa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci ta tura Dakta Majekodunmi ya zama kantoma. Shari'ar ta je har Landan, kotun can ta ba Adegbenro gaskiya a 1963, majalisar Yamma ta gyara kundin yankin ta mayar da gyaran baya don hukuncin ya tashi a banza. Wato ainihin abin da ake yabon tsarin da shi, sauƙin sauke shugaba, shi ne ya ƙi aiki a karon farko da aka gwada shi da gaske. A Ingila firaministan da ya rasa rinjaye yana sauka ne saboda al'ada ta hana shi yin gardama. Mu rubutun muka gada, al'adar ba ta biyo jirgi ba.

Bayan zaɓen Disambar 1964, wanda UPGA, ƙawancen NCNC da AG da abokansu, ta ƙaurace wa a wurare da dama, wata ɓarakar ta sake fitowa. Shugaban ƙasa Nnamdi Azikiwe, wanda kundin 1963 ya ba kujerar girmamawa, ya yi kwanaki ya ƙi kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, har aka shiga tambayar umarnin wa sojoji za su bi. An sasanta a farkon Janairun 1965. Shekara guda bayan nan, 15 ga Janairun 1966, sojojin suka amsa tambayar da kansu.

Da wannan tarihin a zuciya Janar Murtala Muhammad ya ƙaddamar da kwamitin rubuta kundi a Oktoban 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams, mutum 49 bayan Awolowo ya ƙi shiga. Abin da suke nema shi ne mutum ɗaya da dukan ƙasa ta zaɓa, wanda ba zai iya cin zaɓe daga gida ɗaya ba. Daga nan aka samo sharaɗin kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi, wanda ya jawo shari'ar sha biyu da biyu bisa uku a 1979, lokacin da Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jiha 12 cikin 19, alhali kashi biyu cikin uku na 19 ya haura 12, ya samu kusan kashi 20 a Kano. Yau jiha 24 ake nema. Ana iya raina wannan sharaɗi, amma shi ya sa Buhari da ƙuri'unsa na Arewa ya faɗi sau uku, sai da ya haɗa kai da Kudu maso Yamma a 2015. Shi ya sa kuma ba ɗan takarar Kudu da zai yi mafarkin Aso Rock bai zo ya durƙusa a Kano da Kaduna da Jos ba. Duk mai son a koma tsarin firaminista, wannan ce tambayar da ya kamata ya fara amsawa: me zai hana wata jam'iyya ta tara kujera 181 cikin 360 daga ɓangare ɗaya da ɗan ƙari, ta manta da sauran? Ban ji amsar da ta gamsar da ni ba.

Ba ina cewa tsarin 1979 ya fito da mu ba ne. Cutarsa tun farko ta nuna kanta a Kaduna, inda jama'a suka zaɓi Balarabe Musa na PRP gwamna, suka kuma ba NPN rinjaye a majalisa. Kowa na da hujjar cewa shi jama'a suka aiko. Majalisa ta ƙi amince masa da kwamishinoni, ya yi mulki ba su, a Yunin 1981 suka tsige shi. Daga baya gwamnoni suka koyi darasi, amma darasin da suka koya shi ne kada a bar majalisa ta zama majalisa. Sai aka wayi gari yawancin majalisun jihohi 'yan amshin shata ne, gwamna ke zaɓar wanda zai tsaya takara, shi ke zaɓar kakaki. Idan kuma aka tashi tsigewa, ƙa'ida ce ke fara shan kashi. A Nuwamban 2006 'yan majalisar Filato shida cikin 24 suka ce sun tsige Joshua Dariye. Ko mene ne ra'ayinka game da Dariye, shida ba kashi biyu cikin uku na 24 ba ne, kuma Kotun Ƙoli ta faɗi haka a Afrilun 2007, ana saura 'yan makonni wa'adinsa ya ƙare. Duk da haka a yi wa tsarin adalci: a Mayun 2006 Majalisar Dattawa ta kashe tazarcen Obasanjo, alhali jam'iyyarsa ce ke da rinjaye. Sanata na iya yin haka ne saboda faɗuwar ƙudirin shugaba ba ta nufin faɗuwar gwamnati ko rushe majalisa. A tsarin firaminista ɗan majalisar da ya bijire wa gwamnatinsa a babban ƙudiri yana wasa ne da kujerarsa.

Mu a Filato muna da misali na kusa da ya kamata duk mai wannan muhawara ya tsaya a kansa. A 2023 PDP ta ci gwamna da Caleb Mutfwang, ta ci kujera 16 cikin 24 a majalisar jiha. A Nuwamban shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen gwamnan, ta kuma soke na dukan 'yan majalisar 16, bisa hujjar cewa jam'iyyar ba ta da sahihin shugabanci a jihar lokacin da ta tsayar da su. Gwamna yana da damar zuwa Kotun Ƙoli, ya je, a 12 ga Janairun 2024 ta mayar masa da kujerarsa, ta ce ƙaramar kotun ta yi kuskure. 'Yan majalisar ba su da wannan dama, don kundi ya ce shari'ar zaɓensu a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa. Kusan dukan kujerun suka koma hannun APC. To, a ce a tsarin firaminista muke. Babu kujerar gwamna da za a kai Kotun Ƙoli. Firimiyan Filato ɗaya ne daga cikin waɗannan 16, da an soke su gwamnati ta koma hannun wata jam'iyya a rana ɗaya, ba zaɓe, ba ɗaukaka ƙara, a kan hujjar da babbar kotun ƙasa ta ce ba ta tsaya ba. Wanda ya san garin nan, ya san rikicin da zaɓen ƙaramar hukuma ɗaya ya jawo a Nuwamban 2008, ba zai so a gwada wannan ba.

A nan ne nake ganin gizo ke saƙa. Tsarin firaminista a kan jam'iyya yake tsaye, jam'iyya mai aƙida da rajistar 'ya'ya da ladabtarwa, wadda ɗan majalisa ke jin kunyar bari. Afirka ta Kudu, inda majalisa ke zaɓar shugaban ƙasa, ta sauke Thabo Mbeki a 2008 da Jacob Zuma a 2018 ba harbi ba ta-ɓaci, saboda jam'iyyarsu ANC ce ta ce su sauka, kuma a can jam'iyya ake zaɓa, wanda ya bar ta ya bar kujera. Mu kuwa sashe na 68 da na 109 sun ce wanda ya sauya sheƙa ya rasa kujerarsa sai in jam'iyyarsa ta rabu, amma wace jam'iyya ce a Najeriya ba za a iya samo mata rabuwa ba in ana so? A Disambar 2023 'yan majalisar Ribas 27 cikin 32 suka sanar da barin PDP rana ɗaya, rikicin ya ja har aka kafa dokar ta-ɓaci a Maris 2025 aka tura kantoma, kamar dai Ibadan a 1962. Yau ɗan majalisar da ya sauya sheƙa tikitin gaba yake nema. A tsarin firaminista ƙuri'arsa ce gwamnati. Wanda ya ji labaran da suka fito daga zaɓukan fidda gwani na 2022, da yadda daliget ya zama ɗan gata na kwana biyu, zai iya kintata farashin ɗan majalisa idan mutum goma sun isa su kayar da firaminista. Lokacin da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002 ciniki bai tsaya ba, bazuwa ya yi kan tituna. Haka kuɗin siyasa zai yi: ya bar filin kamfe ya koma ɗakunan otal na Abuja, inda masu saye kaɗan ne, masu sayarwa 360.

Batun tsada ma in an duba, ba duka laifin tsarin ba ne. Tinubu ya rantsar da minista 45 a Agustan 2023, amma abin da ya sa ba za a yi ƙasa da 36 ba shi ne sashe na 147, wanda ya ce kowace jiha sai an ba ta minista. Wannan maganar rabon arzikin ƙasa ce, kuma ba na jin akwai jihar da za ta yafe nata don an canja wa shugaba suna. Majalisa biyu ma ba Amurka ce ta kawo mana ba, Jamhuriya ta Farko tana da Majalisar Dattawa a Legas da Majalisar Sarakuna a Kaduna. Senegal ta soke majalisar dattawanta a 2012 tana nan da shugabanta mai iko. Jerin motoci da ɗaruruwan masu ba da shawara da alawus, ba sashen kundi da ya wajabta su. Firaministan da ke tsoron 'yan majalisarsa ma ya fi kusa da ƙara muƙamai don ya riƙe su. Indiya sai da ta gyara kundinta a 2003 ta ƙayyade cewa ministoci kada su wuce kashi 15 cikin ɗari na 'yan majalisa, saboda abin ya yi yawa.

Wasu kan ce to a raba gardama, a yi irin na Faransa, shugaba zaɓaɓɓe da firaminista daga majalisa. Maƙwabtanmu sun riga mu. A Nijar Mahamane Ousmane ya ci zaɓe a 1993, 'yan hamayya suka ci majalisa a Janairun 1995, ya zama dole ya zauna da Hama Amadou a matsayin firaminista. Suka shekara suna jayayya kan wa ke kiran taron ministoci, wa ke naɗa manyan jami'ai, a 27 ga Janairun 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya kwashe su duka.

Ra'ayina shi ne akwai abubuwan da za a iya ɗauka daga tsarin firaminista ba sai an rushe gida ba. A wajabta wa ministoci da kwamishinoni zuwa majalisa a kan kari su amsa tambaya a bainar jama'a. A toshe ƙofar rabuwar jam'iyya, wanda ya sauya sheƙa ya koma gaban masu zaɓe. A ba shari'ar ɗan majalisa hanyar gyara idan babbar kotu ta saɓa wa hujjar da aka kore shi da ita. Idan aka yi shekaru ana haka har jam'iyyu suka zama jam'iyyu, sai a dawo a yi maganar firaminista, a lokacin tana da ƙafar tsayuwa.

Ƙudirin su Chinda kuma kafin ya zama doka sai ya bi sashe na 9: kashi biyu cikin uku na sanatoci 109 da na wakilai 360, sannan majalisun jihohi 24 su amince. Waɗannan majalisun a hannun gwamnoni suke, kuma abin da ake roƙon gwamna shi ne ya umarci yaransa su sa hannu a dokar da za ta ba su ikon korarsa duk safiyar da suka ga dama. Cin gashin kan ƙananan hukumomi, wanda bai kai wannan zafi ba, an kai musu shi a gyaran kundin 2022 bai samu jiha 24 ba, sai da gwamnatin tarayya ta bi ta Kotun Ƙoli a Yulin 2024.